Rumfar raga da dashen reshe: garkar gida daga kaka zuwa damana a Tawa

A Turai ana gina wa shuka ɗakin gilashi ko na leda don a tara mata zafi, saboda can sanyi ne ke kashe ta. A Tawa da sauran ƙasar Adar zafi ba abin nema ba ne. A Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40 kusan kullum, ruwan shekara duka bai cika haura milimita 400 ba, kuma yawancinsa cikin Yuli da Agusta yake sauka. Wanda ya kwaikwayi wancan ɗaki, ya lulluɓe ko'ina da leda, zai tarar cikinsa ya kai digiri 50 kafin azahar, dashen ya dahu a tsaye. Abin da garkar gida ke buƙata a nan rumfa ce mai shan iska, wadda ake canza wa rufi gwargwadon lokaci: ragar ƙwari ita kaɗai da sanyi, ragar inuwa a kanta da bazara, leda a sama kawai da damana. Dirkokin suna nan inda aka kafa su, rufin ne ke bin shekara. Dashen reshe kuma, wato a yanki reshe a kafa shi ya yi saiwa, hanya mai arha ta yawaita itatuwa a gida, a cikin wannan rumfa yake kamawa.

Kafa rumfar

Mita 3 a faɗi da mita 4 a tsawo ta ishi gida ɗaya. Za ta ɗauki fangali biyu, kowane mita 1 da mita 3, da hanya ta santimita 60 a tsakaninsu, sannan mita ɗaya ya rage a ƙurya don ledojin reno da yankakkun rassa. Ana buƙatar dirka shida masu mita 2 da rabi don gefe, da dirka biyu masu mita 3 don tsakiyar gaba da baya, waɗanda za su ɗauki sandar doro mai mita 4. Kowace dirka a binne santimita 50 daga cikinta. Kada a rage tsayin nan don a yi tsimin kuɗi: iska mai zafi sama take taruwa, rumfa gajera kuwa a kan ganyen take tara ta. Bututun ƙarfe ya fi daɗewa. In icen turare ne aka samu, a babbake gindinsa da wuta har ya yi baƙi, in ba haka ba gara za ta cinye shi kafin damana biyu.

Ragar ƙwari mai ƙananan ido za ta ci kusan murabba'in mita 50, har da rufi. A binne bakinta na ƙasa santimita 20, a yi wa ƙofa labule biyu masu haɗe juna. Ragar inuwa mai tare rabin hasken rana, mita 4 da mita 5, ita ce ta biyu. Ba a shimfiɗa ta kai tsaye a kan ta ƙwari. A ɗaga ta santimita 20 zuwa 30 da waya ko sanduna, don iska ta ratsa tsakani ta kwashe zafin. Wanda bai sami ragar inuwa ba ya jera karan hatsi a sama, kara ɗaya, gurbin kara ɗaya, aikin kusan ɗaya ne. Tsohon gidan sauro da aka daina kwana a ciki, in an wanke shi, yana rufe wurin reno ya hana fara da tsuntsaye da malam-buɗe-littafin da ke yi wa shu, wato kabeji, ƙwai, amma farin ƙuda yana ratsa idonsa.

Inda za a kafa ta ya fi kayan ginin muhimmanci. Daga Oktoba zuwa Fabrairu rana ta kudu take karkata, don haka rumfar da aka manna a arewacin katanga mai tsawo za ta wuni cikin inuwa daidai lokacin da tomati da albasa ke son rana. Hadarin damana daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas. Sai a juya wa gabas gajeren gefen rumfar, a kafa zana kamar mita 2 daga jikinta ta gabas da arewa, a bar kudu da yamma a buɗe. A nisanta ta daga gindin bedi da aƙalla mita 5, domin saiwarsa tana bin danshi har cikin fangali ta shanye ruwan. Batun awaki da kaji ba sai an faɗa ba, raga ba ta tare su, sai shinge.

A haƙe fangali zurfin santimita 30, a tsince duwatsun da ƙasar Adar ba ta rasawa. A kowane murabba'in mita a zuba bokiti ɗaya na takin gida wanda ya ruɓe sarai, wato ya yi baƙi, ya daina wari, ba ya ɗumi in an tura hannu a ciki. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara da gwazarma. Mai son ƙarawa da takin zamani NPK 15-15-15, giram 30 ya isa murabba'in mita, kusan kwalin ashana biyu a shafe. Ruwa kuwa lita 5 zuwa 6 a murabba'in mita kowace rana da sanyi, lita 8 zuwa 10 da bazara. Da arozuwa, wato butar ban ruwa, mai lita 10, fangali ɗaya zai sha biyu da sanyi, uku da zafi. In aka ga farin ɓawo a saman ƙasa, gishirin ruwan rijiya ne ke taruwa. Sau ɗaya a mako a ninka ban ruwan don ya wanke shi zuwa ƙasa da saiwa.

Kaka: lokacin reno

Shekarar mai garka daga ƙarshen Satumba take farawa. Ruwa ya ɗauke, amma zafi yakan dawo da ƙarfi cikin Oktoba, kuma nan ne reno da yawa ke mutuwa. Irin salati ba ya son tsira in ƙasa ta wuce digiri 30, ƙananan tomati da shu kuma rana ɗaya ta ishe su bushewa. Don haka ragar inuwa tana nan a sama har ƙarshen Oktoba.

A tankaɗe ƙasar reno: kashi biyu na rairayi, ɗaya na laka, ɗaya na tsohon taki. A ja layuka da tazarar santimita 10, zurfin santimita ɗaya, a zuba iri da sauƙin hannu, a rufe, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai. Da yamma ake shuka. Tomati da shu suna fitowa cikin kwana 5 zuwa 7, kuma ranar da aka ga kan tsiro ranar ake ɗauke ciyawar. In aka bar ta kwana biyu, dashen zai miƙe siriri, fari, ba ƙarfi.

Ciwon da ya fi cin reno shi ne ruɓewar gindi: da safe a tarar da tsirrai sun kwanta, gindinsu ya tsuke ya yi ruwa-ruwa daidai bakin ƙasa. Cunkoso da yawan ruwa da ban ruwan dare ne ke kawo shi. A rage tsirran har yatsa biyu su shiga tsakaninsu, a riƙa ba da ruwa da safe, a kwashe waɗanda suka kamu tare da ƙasarsu a fitar.

Salati yana isa dashe a kwana 20 zuwa 25, tomati da shu a kwana 25 zuwa 30 in sun yi ganye huɗu ko biyar, tattasai da tonka da albasar Galmi a kwana 40 zuwa 45. Karoti ba a dasa shi, a wurinsa ake shuka shi. Mako ɗaya kafin dashe a rage ruwa, a riƙa janye inuwa da safe, don tsiron ya saba da rana. A dasa da la'asar, a ba shi ruwa nan take.

Sanyi: cire inuwa

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu garka take biyan mai ita. Dare yana sauka wajen digiri 15, rana ba ta ƙuna. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin ragar inuwa a sama: tomati ya yi ta tsawo ba fure, shu ya ƙi naɗewa, albasa ta yi ganye ba kai. A naɗe ta a ajiye a ɗaki, hakan ma yana ƙara mata kwana.

Tazarar dashe ita ce santimita 50 tsakanin tomati da tomati, 40 ga shu, 25 ga salati, 10 zuwa 15 ga albasa. Wurin cikin rumfa kaɗan ne, a ba abin da ƙwari suka fi damu, wato tomati da shu da tattasai. Albasa da karoti suna yi lafiya lau a waje. Kabewa da kankana da kokwamba ma a waje, don sai ƙudan zuma ya kai musu ƙurar fure, shi kuwa raga ta hana shi shiga. Tomati ba ya jiran ƙudan zuma, amma yana son motsi: tsakanin ƙarfe 9 da 11 na safe a bubbuga sandar da aka ɗaure shi a jiki, sau uku a mako. Furen da ke bushewa ya faɗi a cikin rumfa da sanyi, sau da yawa rashin wannan ne.

Ƙurar hunturu tana toshe idon raga, haske ya ragu, iska ta daina shiga. A wanke ta da tiyo ko a kaɗe ta da tsintsiya mai laushi kowane mako. Ƙura da bushewar iska su ne kuma abin da jan gizo-gizo ke so, ɗan ƙwaron nan da ido da ƙyar yake gani. A juya ganyen tomati ko na yalo a duba bayansa. In saman ya yi ɗigo-ɗigo rawaya, bayan kuma da siririyar saƙa, ya shigo. Wanke bayan ganye da ruwa da safe yana rage shi sosai. Ga darɓa da farin ƙuda da ƙananan tsutsotsi, a daka busassun ƴaƴan bedi giram 500, a jiƙa cikin ruwa lita 10 su kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan farin sabulu a ciki, a fesa da yamma har bayan ganye, kowane kwana 7. Ba a ajiye shi, rana tana kashe ƙarfinsa.

Tsutsar tomati da ake kira Tuta absoluta, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta iso Nijar cikin shekarun 2010. A cikin naman ganye take zama, ta bar farin tabo kamar taga, shi ya sa feshi ba ya cimma ta yadda ya kamata. Raga mai rufaffiyar ƙofa ta fi kowane magani a kanta, muddin ba a shigo da dashen da ya riga ya kamu ba. Ganyen da aka ga tabon a jikinsa a tsinke a ƙona.

Bazara da damana

Da Maris ya kama, a mayar da ragar inuwa. Daga nan zuwa saukar ruwa ba lokacin ja-in-ja da rana ba ne. In zafi ya wuce digiri 35 da rana, dare kuma bai huce ba, ƙurar furen tomati tana lalacewa, komai yawan ruwan da aka ba shi. Gara a koma ga abin da ke son zafi: guro, alayyahu, rama, yakuwa, malohiya, zogala da ganyen kudaku. A rufe ƙasa da ciyawa ko ɓawon gyaɗa kaurin yatsa uku, amma kada ya taɓa gindin shuka saboda gara. A raba ruwa biyu, da sassafe da bayan la'asar. Baƙin tabon da ke fitowa a gindin ɗan tomati ko tattasai ba ƙwaro ne ya yi shi ba. Ƙasa ce ke bushewa ta jiƙe, ta bushe ta jiƙe, shukar ta kasa jan sinadarin alli zuwa ɗan. Maganinsa ban ruwa a kan ƙa'ida.

Zafin nan yana da amfani guda. In an tumɓuke tomati ko guro aka ga saiwarsa ta yi ƙulli-ƙulli, tsutsar ƙasa wadda ido ba ya gani ce ta kama fangalin. A cire masa inuwa, a kaftce shi, a jiƙa sosai, a shimfiɗa leda mai haske a danne bakinta da ƙasa, a bar shi mako 4 zuwa 6 cikin Afrilu da Mayu. Bayan haka kada a sake sa tomati, yalo ko guro a wurin sai an ratsa da albasa ko masara.

Da damana abin tsoro shi ne dukan ruwa da iska. A ɗora leda mai jure rana a doron rufi kaɗai, gefe ya zauna da raga. A ɗaure ta da igiya ta bisa, daga wannan gefe zuwa wancan, kowane mita ɗaya. Leda mai kaɗawa hadari ɗaya ke yaga ta. A ɗaga fangali santimita 15 zuwa 20, a ja rariya kewaye da rumfar. Rufin mai murabba'in mita 12, in aka yi ruwan milimita 20, zai zubo lita 240. In an sa indararo da ganga, an sami ruwan da ba shi da gishiri, wanda ya fi kowane dacewa da reno. Mai son tomatin damana ya nemi iri mai jure zafi kamar Mongal ko Icrixina, wanda cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta zaɓo. Roma da Tropimech a bar su sai sanyi.

Dashen reshe

Iri yana iya fitar da abin da bai yi kama da uwarsa ba, reshe kuwa uwar ce kanta. Rumman mai zaƙi in an dasa reshensa, mai zaƙi zai ba da, kuma zai riga na iri haihuwa. Amma kamar yadda yake gadon zaƙi haka yake gadon ciwo, don haka zaɓen uwa shi ne rabin aikin: bishiyar da aka ci ƴaƴanta aka yaba, wadda ganyenta ba ya murɗewa, ba ta da darɓa.

Reshen da aka yanke ba shi da saiwar jan ruwa, ganyensa kuwa bai daina fitar da ruwa ba. Dukan dabarar ita ce a hana shi bushewa har ya yi saiwa, ba tare da an jiƙa gindinsa ya ruɓe ba. Saboda haka ake son danshi a iska, sauƙin ruwa a ƙasa. A ƙuryar rumfa a haɗa akwati mita 1 da mita 1, tsayin santimita 50, a lulluɓe shi da leda mai haske, a ninka masa inuwa da tabarma ko buhu a sama. Nan kaɗai ne leda a rufe ke da amfani ga shuka a ƙasarmu, shi ma da sharaɗin rana ba za ta taɓa ta kai tsaye ba. Awa ɗaya ta tsakar rana ta isa ta kashe duk abin da ke ciki. Mai rassa kaɗan ya yanke gindin robar ruwa mai lita ɗaya da rabi ya kifa a kan kowane reshe, ya cire murfin. Alamar danshi ya yi daidai ita ce raɓa a jikin leda da safe. A buɗe minti 15 kowace rana don iska ta canza.

Ƙasar kafa reshe ba irin ta fangali ba ce. Rairayin korama mai ɗan kaushi, wankakke, shi ake so, ko kashi uku nasa da kashi ɗaya na takin da ya zama ƙasa. Yawan taki ruɓewa yake kawowa, reshen da bai yi saiwa ba ba ya cin abinci. A damƙi rairayin a hannu: ya dunƙule amma kada ruwa ya ɗiga.

A yi yanka da sassafe, lokacin da reshe ke cike da ruwa, a naɗe shi cikin jiƙaƙƙen buhu, a kafa kafin rana ta take. Wuƙa ko reza ta zama mai kaifi, a tsoma ta cikin ruwan jabel, kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, kafin a koma wata bishiya. Wuƙa mai dakushi tana murje ɓawo, daga nan ruɓa ke shiga.

Masu taushi su ne mafi sauƙi, da su ya kamata a fara koyo. Na'ana'a da ɗoɗɗoya: kan reshe mai santimita 10 zuwa 12, a cire ganyen ƙasa, a bar biyu ko huɗu a sama, cikin mako ɗaya zuwa biyu sun yi saiwa, ko a kofin ruwa ma. Ƴan rassan da ke fitowa a hammatar ganyen tomati, waɗanda dama ake cirewa a zubar, in sun kai santimita 10 zuwa 15 suna kamawa cikin kwana 7 zuwa 10. Wannan yana da riba musamman ga iri mai tsada mai alamar F1, wanda ba a ajiye ƴaƴansa don shuka: reshen da aka kafa a Disamba zai ba da zagaye na biyu kafin zafi. In ganyen uwar ya murɗe ya yi rawaya, ciwon da farin ƙuda ke yaɗawa ne, kada a ɗauki ko reshe ɗaya daga jikinta. Kudaku kuwa kan yaɗo mai santimita 25 zuwa 30 ake yanka, a binne kashi biyu cikin uku a kunya, tazarar santimita 30. Ɗan fangalin kudaku da aka raya cikin inuwa duk bazara shi zai ba da irin damana, ba sai an je nema ba.

Rumman, ɓaure, inabi da lalle sun fi son reshen da ya fara ƙwari, wanda ɓawonsa ya bar kore ya koma ruwan ƙasa. Kaurin fensir, tsawon santimita 20 zuwa 25, da ido uku ko huɗu. A yanke gindin a miƙe, dab da ƙasan gaɓa, don a gaɓa saiwa ta fi fitowa. A yanke saman a karkace, santimita ɗaya bisa ido. Bambancin yankan nan yana hana a kafa reshe kai ƙasa, wanda ba zai taɓa kamawa ba. A cire ganye duka, ko a bar biyu a yanke rabinsu. A huda rami da tsinke tukuna, kada a soka reshen da ƙarfi. Ido biyu a ƙasa, ɗaya ko biyu a waje, a danne kewayensa. Garin sa saiwa da ake samu wurin masu sayar da kayan garka yana taimakawa, a tsoma gindin a kaɗe, amma waɗannan huɗun suna kamawa ba shi. Lokacinsu biyu ne: Janairu zuwa farkon Fabrairu, sa'ad da bishiyar ke hutawa, da kuma Yuli zuwa Agusta, sa'ad da iska ke da laima. Afrilu da Mayu asarar reshe ne kawai. A kafa ninki biyu na abin da ake buƙata, ba duka ke tashi ba.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Bayan kwana goma reshe ya fitar da sabon ganye, mai shi ya yi murna, ya cire leda ko ya tumɓuke don ya ga saiwa. Ganyen nan daga abincin da ke ajiye cikin reshen ya fito, saiwa ba ta zo ba tukuna. Tana ɗaukar mako 4 zuwa 8. Bayan mako huɗu a ja reshen a hankali da yatsa biyu; in ya riƙe, ya kama. In gindin ya yi baƙi, ɓawon yana saluɓewa, ruwa ne ya yi yawa. In ya yamutse daga sama, iska ce ta bushe ko rana ta same shi.

Akwai kuma waɗanda ba su son akwatin danshi sam. Rogo: kara mai wata 8 zuwa 12, guntu santimita 20 zuwa 25 mai ido 5 zuwa 7, a kafa a karkace, ido na kallon sama, kai tsaye a kunya. Zogala tana kamawa da sanda mai mita ɗaya ko fiye, kaurin santimita 4 zuwa 5. A bar ta kwana biyu ko uku a inuwa bakin yankan ya bushe, a binne kashi ɗaya cikin uku, a rage mata ruwa. Tana saurin ba da ganye, sai dai ba ta yin doguwar saiwar tsakiya, don haka iska tana kayar da ita, gara ma ta fi samunta. Inda babu kariya daga hadari, shuka iri ya fi. Dashi da aguwa na shinge a ƙarshen rani ake kafa su, cikin busasshiyar ƙasa, ba a ba su ruwa, su jira na sama. A kiyayi ido da ƙaron aguwa.

Gwaiba da lemun tsami suna da taurin kai a yanka, sai a sa su yi saiwa tun suna jikin uwa. Da damana a zaɓi reshe mai kaurin yatsa, a zagaye shi da wuƙa sau biyu da tazarar santimita 2 zuwa 3, a ɓare ɓawon tsakani, a kankare santsin da ke kan icen. In aka bar santsin nan, ɓawo zai sake haɗewa, ba za a ga saiwa ba. A dunƙula jiƙaƙƙen tsohon taki da garin katako cike da hannu a kewaye wurin, a naɗe da leda, a ɗaure sama da ƙasa tam, a rufe da takarda ko tsumma don rana. Cikin mako 6 zuwa 10 fararen saiwoyi za su bayyana ta jikin ledar. In sun fara komawa ruwan ƙasa, a yanke reshen ta ƙasan ƙullin, a rage rabin ganyensa, a sa a leda cikin inuwa. Mangwaro da magaryar nan mai manyan ƴaƴa kada a ɓata lokaci da yankansu, aure ake yi musu, wato a haɗa reshensu a kan gindin wata bishiya irinsu.

Reshen da ya kama ba a fitar da shi rana ɗaya. A riƙa ƙara buɗe akwatin kullum har mako guda, sannan a ɗago shi da cokali tare da rairayinsa, don sabuwar saiwa tana karyewa da ɗan taɓi. A mayar da shi leda mai santimita 15 da 25, mai huji shida ko takwas a ƙasa, cike da ƙasar reno. Mako biyu cikin inuwa, daga nan ranar safe. Kowane mako biyu a ɗaga ledar a sauya mata wuri, in ba haka ba saiwa za ta huda ta kama ƙasa, ranar ɗauka ta tsinke. A rubuta sunan uwa da ranar yanka a jikin ledar, domin rumman mai zaƙi da mai tsami ba a bambanta su a ganye.

Waɗanda aka yanka a Janairu su yi bazara a cikin rumfa, a dasa su cikin Yuli bayan ƙasa ta sha ruwa sosai. Na Agusta kuwa ba su kai ƙarfin fita ba kafin ruwa ya ɗauke. Ko a dasa su cikin Nuwamba inda ake da ruwan ba su, ko su jira damana mai zuwa. Ramin ya zama santimita 50 a faɗi da zurfi, a cakuɗa ƙasar sama da bokiti ɗaya na tsohon taki a mayar. A yanke ledar da reza a cire ta gaba ɗaya, a dasa daidai zurfin da yake a leda, a yi masa kwano a zuba lita 10, a kewaye shi da ƙaya ko waya a ranar, kafin a saki dabbobi.